Me za mu kira .com da .ng da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "ƙeya"

Jama'a, ɗan guntun nan da ke zuwa bayan ɗigo a adireshin shafin intanet, wato .com, .ng, .org, .shop da 'yan'uwansu, har yanzu ba shi da suna a Hausa. Masu gina shafuka a nan Kano "ekstenshan" suke ce masa, kuma duk ɗan kasuwar da ka faɗa wa haka, abin da zai fara zuwa masa shi ne soket ɗin nan mai doguwar waya da ake jona caja. Ga shi kuwa maganar ta shigo kasuwa. Mai atamfa a Kantin Kwari, mai wayoyi a Farm Centre, mai haɗa turaren wuta a cikin gida, duk wanda ya gaji da dogaro da Instagram kaɗai ya ce zai buɗe shafinsa, dole a tambaye shi wanne yake so.

Tun da na jefa tambayar wane suna za mu ba shi da Hausa, shawarwari ke shigowa. Bari in bi su.

"Ƙari" da "tsawaitawa" fassarar kai-tsaye ce, kuma tana ɓatar da mutum. Ƙari abu ne da za a iya yi babu shi, kamar gyara a wajen mai awo. Wannan kuwa idan ka cire shi, adireshin ya mutu.

"Wutsiya" ita ta fi samun magoya baya, kuma ta dace da inda abin yake zaune. Amma 'yan'uwa, ku ɗan kwatanta tallan rediyo, mai shela yana gaya wa jama'a cewa kamfanin Alhaji ya canza wutsiya. Kowa ya san ɗaya ma'anar kalmar a bakin mutanen gari, ba sai na faɗa ba. "Jela" ma ba ta tsira ba.

"Inkiya" kuma mutane ne ke laƙaba maka ita, ba a biyan kuɗinta duk shekara.

Wadda ta fi ba ni wahalar ƙi ita ce "unguwa", shawarar wata Hajiya mai sayar da kayan kicin. Hujjarta mai ƙarfi ce: kowane ɗaya yana da mai unguwarsa da dokokinsa da kuɗin hayarsa. Gaskiya ne. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da .ng. Kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da .com. Sama da su duka akwai ICANN, ƙungiyar da ke kula da tsarin adireshin intanet na duniya, da aka kafa a 1998. Sai dai Hajiya, ranar da mai gina shafi ya tambayi kwastoma "wace unguwa kake so?", amsar da zai samu ita ce Fagge ko Gwammaja. Kalmar adireshi ta riga ta janyo tunanin titi da lamba, idan muka ɗora unguwa a kai mun haɗa rikici.

Sai wani malamin Hausa ya tuna mana abin da muka baro a aji. A nahawu, abin da ake liƙa wa kalma a gaba ɗafa-goshi ne, na baya ɗafa-ƙeya, ita kuma uwar kalmar saiwa. Ku dubi adireshin Jami'ar Bayero, www.buk.edu.ng. Ga www a goshi, ga buk a matsayin saiwa, ga .edu.ng a ƙeya. Ba mu ƙirƙiri komai ba, kayan aikin suna nan a ajiye. Abin da na ƙara kawai, a bar "ɗafa-ƙeya" ga masu rubuta littafi, a kasuwa a ce "ƙeya". Gajera ce, ba ta da abin kunya, kuma tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba: "Wace ƙeya za a sa maka?" "Sunan yana nan, amma ƙeyar .com an riga ka."

Wani injiniya ya ja da ni. Ya ce a wajen kwamfuta wannan guntun shi ne shugaba, domin daga dama take fara neman adireshi: ta fara tambayar masu .ng, su nuna mata .edu.ng, sannan ta isa buk. Saboda haka kiran sa ƙeya rage masa daraja ne. Ranka ya daɗe, bayaninka daidai ne, amma ƙeya ma ai a kai take.

Gwajin kalma shi ne a ga ko za ta haihu. Wannan tana haihuwa.

Akwai ƙeyar ƙasa, mai haruffa biyu: .ng tamu, .ne ta Nijar, .gh ta Gana, .cm ta Kamaru. Akwai ƙeyar gama-gari irin .com, wadda take nan tun 1985, shi ya sa gajerun sunaye masu daɗi suka ƙare a cikinta tuntuni. Akwai keɓaɓɓiya, wadda kuɗinka ba zai saya maka ba, kamar .gov.ng ta hukumomin gwamnati da .edu.ng ta manyan makarantu. Sannan ga ƙeyar sana'a, irin .shop da .store. Waɗannan sun yawaita ne bayan 2012, lokacin da ICANN ta buɗe ƙofa ga duk mai iya biyan dala 185,000 kuɗin nema, aka samu sababbi fiye da dubu. Ba ƙananan kuɗi ke yawo a wajen ba: kamfanin GMO na Japan ya biya dala miliyan 41.5 a gwanjon .shop a 2016. Nahiyarmu ma ta samu .africa a 2017.

Wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce ƙeyar aro, wato ta wata ƙasa da mutum ke ɗauka don ta yi masa kyau a suna. Gidajen talabijin suna son .tv, alhali ta tsibiran Tuvalu ce. Masu harkar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, sun yi wa .ai rubdugu, ita kuwa ta Anguwila ce, wani ɗan tsibiri a Karebiyan da yanzu kuɗin rajistar ya zama babban kaso na kuɗin shigarsa. .co ta Kolombiya ce. Mu ma Hausa ta ba mu dama a nan, kuma ban ga muna amfani da ita ba. .ci ta Kodebuwa ce, mai gidan cin abinci zai iya neman abin.ci. .ne ta maƙwabta za ta ba ka namu.ne. .so ta Somaliya, ina.so. Ku duba ko an riga ku, ku kuma karanta sharuɗɗan kowace ƙasa kafin ku buga a allon shago.

Sharuɗɗan nan ba wasa ba ne, zanen aro ba ya rufe katara. A 2010 masu kula da .ly ta Libiya sun ƙwace wani adireshi saboda abin da ke shafin ya saɓa wa dokokinsu. Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, dubban 'yan ƙasar sun wayi gari a farkon 2021 an dakatar musu da adireshinsu na .eu. Mai ƙeya shi ke da ta cewa, kai haya kake yi.

Ga ɗan kasuwar Kano da kwastomominsa suke Kano, Kaduna da Abuja, ra'ayina .com.ng ko .ng ta ishe shi. Da naira ake biya a wajen dillalan da NiRA ta amince da su, kuma .com.ng ta fi .ng zalla araha. Ƙeyar da ake biya da dala kuwa, duk faɗuwar naira sai ta taɓa ka ranar sabuntawa. Sababbin nan na sana'a da yawansu suna da wayo: shekarar farko kusan kyauta, ta biyu kuɗin ya ninka. A tambayi kuɗin sabuntawa kafin na rajista. Sannan yatsun mutane sun saba da .com. Idan taka .shop ce, wani kuma yana riƙe da sunanka a .com, wasu saƙonnin imel na kwastomominka wajensa za su tafi. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma ba ta kama maka suna a intanet, hanyarsu daban. Kuma a tabbata da sunan mai kasuwa aka yi rajistar, ba da sunan yaron da ya gina shafin ba, don ranar da aka ɓata, da adireshin zai tafi.

Jam'in ƙeya kuwa ƙeyoyi. Saura abu ɗaya da ban warware ba: su NiRA da Verisign na kira su masu ƙeya, waɗanda ke sayar mana kuma dillalai. Injiniya ya ce "masu ƙeya" za ta ba mutane dariya. A kawo wata.