Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin: Musayar Baitoci

Goggo ta Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da yamma a motar Kubwa kwandasta ya ba ni canji, a ciki har da wata naira ashirin da ta sha hannu. Jikata tana kan cinyata, ta karɓa ta juya bayanta ta ce, "Kaka, wace ce wannan mai tukunya?" Na ce Ladi Kwali ce. Ta ƙura mata ido, can ta ce, "To me take tunani?" Har muka sauka ban ba ta amsa ba. Da abin na kwana, da asuba ya fito min a baiti. Amsa-amon "ya" ne, duk mai shiga ya riƙe shi.

Bismillahi da shi na fara,
Salati ga Manzo na ƙara,
Sannan in ɗauko 'yar naira,
In dubi mai ginin tukunya.

Murtala a gaba, kowa ya gani,
Ita a baya, ba ta zuwa tunani,
Kanta a sunkuye tana gini,
Hannu a yumɓu, ido a zuciya.

A Kwali take, 'yar ƙasar Gbagyi,
Da matan gidansu ta yi koyi,
Ba ta da inji ko faifan juyi,
Ita ke zagaye da baya-baya.

Ta zana kada, ta zana kunama,
Ƙadangare na kallon sama,
Kifi da tsuntsu, maciji ma,
Can gefen wuya ga hawainiya.

Na ce wa jikata ban sani ba,
Abin da ke ranta ban ji ba,
Amma kunamar nan ba banza ba,
Wa zai faɗa min, 'yan uwa, gaskiya?

Ɗan Autan Nyanya

Goggo barka da asuba, Allah ya ƙara lafiya. Ni yaro ne a wannan fage, amma in ana zancen mata masu ƙarfi, raina ba zai bar ni in ga an tsallake ta Zazzau ba.

Goggo ki ba ni wuri kaɗan,
In kira Amina sarauniya.
'Yar Bakwa ce, ta san rana,
Kallabi cikin rawunan duniya.
Inda ta ya da zango sai ganuwa,
Har yau ana nuna ta a hanya.
Sarkin Nufe ya aiko goro,
Kwararrafa ma ba ta tsaya.
A Legas an kafa siffarta,
Takobi a hannu, ba ja da baya.
Yumɓu fashewa yake yi, Goggo,
Ƙarfe shi ke jure wuya.

Yaya ta Gwagwalada

Ƙanena, Amina tamu ce duka,
Ba mai ja da kai a kan sarauniya.
Amma mai sassaƙar bai gan ta ba,
Fuskar zato ce, ba ta gaskiya.
Ya ba ta takobi, ya ba ta tsayi,
Ina daren da ta kwana kan ƙaya?
Ita ko Ladi da kanta ta faɗa,
A cikin tulu, a kan wuya.
Yatsanta na nan jikin randa,
Kamar ta ɗaga hannu jiya.
Ka ce min yumɓu na fashewa,
Yumɓun Nok na nan lafiya.

Kawunan nan na Nok da aka tono a kudancin Kaduna sun haura shekara dubu biyu, kuma yumɓu ne aka gasa, ba wani abu ba. Wannan na ƙanena ne.

Goggo, ga naki kuma. Kullum da sassafe in na fito zan tafi aiki ina haɗuwa da matan Gbagyi a hanyar Kwali, sun ɗauko itace ko doya. Ba a ka suke ɗora kaya ba kamar mu, a kafaɗa ne, can bayan wuya. Sukan ce kai shi ne sarkin jiki, shi ke tunani, bai kamata a ɗora masa nauyi ba. Tun da na ji haka nake kallonsu da wani ido. Ki faɗa wa jikarki matar nan ta fito daga mutanen da suke bar wa kai aikinsa.

Baba Malam na Suleja

Madalla da ku 'ya'yana, Allah ya yi albarka. Ɗan Auta, kar ka ga kamar an kayar da kai. Amina da Ladi sun taɓa haɗuwa a gida ɗaya, kuma gidan a garinmu yake. Wannan garin shi ne Abuja ta asali. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka gangaro nan bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birni, sai namu ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. To wannan Sarki, jinin gidan Zazzau, shi ne ya tara tukwanen Ladi a fadarsa saboda ya san abu mai kyau. A nan Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Ya buɗe makarantar gini a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi faifan juyi da ruwan ƙyalli da gashin babbar wuta, amma ba ta yar da kunamarta da hawainiyarta ba, da su ta je Landan. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin dakta na girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984.

Amma Hajiya ta Kubwa tambayar zuciya ta yi. Akwai wadda ta buɗe tata da alƙalami, ba ta bar mu da zato ba.

'Yar Shehu, Nana, Allah jiƙan ta,
A Degel aka yanke cibiyarta,
Da harshe uku ta yi waƙarta,
Larabci, Fulatanci, Hausa ta iya.

Ta naɗa jaji da jan ƙyalle da malfa,
'Yan Taru na zuwa daga nesa a ƙafa,
Ko rana na ƙuna, ko ana zufa,
Su koma su koyar a bakin rijiya.

Da Bello ya rasu ta yi kuka,
Ba ta ɓoye hawaye cikin ɗaka,
Ta rubuta shi, yau ga shi gabanka,
Tawada da hawaye a kurtu ɗaya.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ita kuma Nana Asma'u ta rayu har 1864. Shekarun da ke tsakani ba zaman makoki kaɗai ta yi ba, karantarwa ta yi ta yi, ta hannun jaji, wato matan da ta naɗa su jagoranci 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi.

'Yar Mararaba

Baba a gafarce ni, a cikin cunkoson gadar Nyanya nake rubuta wannan, in baiti ya karye a ɗora min shi.

Baba ka kawo ta Sakkwato,
Ni zan kawo ta Zariya.
Gambo Sawaba 'yar NEPU,
Ta hau duro a tsakiya.
Kurkuku ya zama ɗakinta,
Ta fito ta koma kan hanya.
Ƙuri'ar da na jefa a Karu,
Jikin Hajiya ne ya biya.
An sa sunanta a asibiti,
Wa zai zana min ita tana dariya?

Sai a 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a, 'yan uwanmu na Kudu sun riga mu da shekaru. Hajiya ta rasu a 2001. Duk mai ba da labarinta duka da ɗauri yake lissafawa, kuma gaskiya ne an yi mata su. Ni dai ina so in san mene ne ke sa ta farin ciki in ta koma gida ta cire mayafi.

Goggo ta Kubwa

'Yata ta Mararaba, baitinki bai karye ba, ni ya karya. Tun ɗazu nake riƙe da wayar nan na kasa rubutu. Kun kawo manya, Allah ya saka, amma duk inda kuka bi sai na ga kun ɓullo ɗakin Innata. Ban yi niyyar kawo ta ba.

Innata ba ta kan takardar kuɗi,
Ba titi da sunanta a birnin tarayya.
Kafin assalatu ta riga ta tashi,
Gwiwa a ƙasa, dawa a ƙwarya.
Dutse na gurnani tana amsawa,
Gaba ta tura, ta jawo baya.
Abin da ba ta faɗa wa Baba ba,
Dutsen ya ji, haka ma kishiya.
Yara uku ta binne kafin ni,
Kowa da baitinsa, ɗaya bayan ɗaya.
Ina kwance a tabarma ina ji,
Na zaci waƙar reno ce, ni yarinya.
Sai da na binne nawa na gane
Me ke karya muryar a tsakiya.
Gari ya fito fari sol a faifai,
Ta goge ido, ta ɗau muciya.

Ba ta taɓa cewa ita mawaƙiya ce ba, da an faɗa mata ma da ta ce a bar zancen. Amma kalmomin nata ne, ita take haɗa su, kullum da abin da ta ƙara gwargwadon yadda ta kwana. Ran da Baba ya yi mata alheri dutsen ma ya sani, niƙan kan yi sauri. Da injin niƙa ya zo garinmu mun yi murna, don gwiwoyinta duk sun yi kanta, kuma har yau ba na fatan wata mace ta koma kan dutse. Sai dai tun daga ranar ban sake jin waƙar ba, kuma babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Abin da ya rage min nata randa ce guda, ta saye ta hannun matan Gbagyi. Tana nan a lungun ɗakina, ruwanta ya fi na firji daɗi a wurina. Akwai zanen kifi a kafaɗarta. Shekara da shekaru ina ɗibar ruwa, sai yau da safe na tsuguna na duba shi sosai.

Ɗan Autan Nyanya

Goggo, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya jiƙan naki da kika binne. Ban janye Amina ba, amma na janye baitina na ƙarshe.

Goggo kin sa na cire hulata,
Na juya cikinta na tsaya.
Mamata ce ta ɗinka ta,
Zare da allura a Zariya.
Fitilar ƙwai ce hasken ɗakin,
Idonta ya tafi, ɗaya bayan ɗaya.
Hula goma kuɗin zango,
Da su na yi boko, da su ta biya.
Na je Legas neman jaruma,
Na bar ta zaune kan tabarmar kaba a baya.

Yau in na tashi aiki zan kira ta in tambaye ta sunan wannan zanen da ta yi min. Ban taɓa tambaya ba.

Baba Malam na Suleja

Ɗana, ka kira ta tun da rana,
Kar ka bari sai gobe da safiya.

Yaya ta Gwagwalada

Goggo, Ushafa ba ta da nisa da ke, ta hanyar Bwari ce, kuma har yanzu mata na gini a can da hannu kamar yadda Ladi ta fara. In Allah ya kai mu Asabar zan biyo in ɗauke ku ke da jikar.

Mu kai ta ta taɓa yumɓu da kanta,
Ta ji sanyinsa a tafi da safiya.
Ta tambayi mai ginin me take tunani,
Wannan tana da baki, za ta gaya.

'Yar Mararaba, in kina da hali ki zo da takarda da biro. Goggo za ta tuna mana abin da ta iya tunawa na waƙar Inna a mota.

Goggo ta Kubwa

Allah ya kai mu. Ku zo da wuri kafin rana ta yi zafi, zan dama fura mu tafi da ita. Baiti biyu na tuna tun ɗazu, na ukun yana min yawo a baki. Na faɗa wa jikar, ta ce ita kunama za ta zana, kuma a tukunyarta wutsiyar za ta kewaye wuya gaba ɗaya.