Ana karanta saƙo amma ba a amsawa, ina matsalar take?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, don Allah yaya ake tsara saƙon neman wani abu, kamar gayyatar taro ko cike fom, har mai karatu ya amsa? Sau da yawa alamar shuɗi za ta fito a WhatsApp, an karanta ke nan, amma shiru kake ji.

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galibi ba ƙi aka yi ba, saƙon ne bai faɗa wa mutum abin da zai yi ba. Buƙata ɗaya tak za ka sa, kuma ta fito a layin farko ko na biyu, domin su ne ke bayyana a fuskar waya kafin a buɗe saƙo. Gaisuwa dole ce, amma in ta cinye layi uku, buƙatar ta nutse.

Dubi wannan: "Ana sanar da ku za a yi taro, da fatan kowa zai ba da haɗin kai." Sanarwa ce kawai, babu abin amsawa a ciki. To ga gyaransa: "Malam, akwai taro ranar Asabar ƙarfe 4 na yamma. Za ka samu zuwa? Amsa da E ko A'a kafin daren Alhamis, don mu san kujeru nawa za a tanada." Da kalma ɗaya ya gama amsawa, ya san wa'adi, ya san dalili.

Kada ka raina dalilin nan. A gwajin da Ellen Langer, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta wallafa a 1978, masu jiran injin kwafin takardu sun fi barin mutum ya shige gabansu idan ya faɗi dalili. Da buƙatar ta yi girma kuwa, dalili na gaske ne kawai ya yi tasiri.

Ummu Yara:
Ƙari a kan bayanin Malam: saƙon da aka jefa a guruf, kowa yana ɗauka wani zai amsa. Tura wa mutum shi kaɗai, ka ambaci sunansa. In za ka yi amfani da jerin aikawa na WhatsApp (broadcast, mai kai wa kowa saƙo shi kaɗai), mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai kai gare shi ba. A tes kuma, saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga sai ya koma 70, ya rabu kashi-kashi.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. To in an yi duk wannan kuma aka yi shiru fa?

Tsohon Sakatare:
Tuni sau ɗaya ya isa, bayan kwana 2 ko 3, a ƙarƙashin saƙon farko don kada sai an nemo shi. Ban da "na ga ka karanta", domin kunya takan sa mutum ya ƙara yin gum. Ka ce, "Malam, tuni ne kan taron Asabar, E ko A'a ya wadatar." Kuma kada ka ƙirƙiri wa'adin ƙarya; ranar da aka ga ka ɗaga shi ba dalili, wa'adinka na gaba ba wanda zai kula. In masu karɓa suna da yawa, raba su gida biyu, canja layin farko kaɗai, ka ƙirga amsoshin kowane ɓangare, don ka ga wane layi ya fi jawo amsa.