Haƙorin ramin notin tof ya cinye a bulok: a gyara ko a sauya inji?

Mai Camry: Salamu alaikum ogogi. Camry 2004 ce, Big Daddy, injin 2AZ. Ruwa na tsiyaya ta bayan inji ƙarƙashin manifol, tana obahitin. Da aka sauke tof (kan injin da ake ɗaurewa a saman bulok), noti uku na tsakiya a layin baya sun fito da haƙoran alminiyam manne a jikinsu. Bakanike ya ce ko a sa Helicoil a maida haƙorin ramin, ko sabon inji. Bulok bai tsage ba. Wanne zan yi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ka sa a canza gasket kawai, a ɗaure da kyau.

Oga Tof: Baban Ummi, a ɗaure a jikin me? Ramin ba haƙori. Mai Camry, wannan sananniyar cutar 2AZ ce, musamman na 2002 zuwa 2006. Notin M11 x 1.5 ne, guda goma. Ni Time-Sert zan ce, ba Helicoil ba. Helicoil waya ce murɗaɗɗiya, Time-Sert bututun ƙarfe ne guda ɗaya mai haƙori ciki da waje. A toshe silinda da hanyoyin mai da na ruwa da tef. A ɗora farantin jagora na kit ɗin Time-Sert, don in hudar ta karkace ko kaɗan noti zai ƙi shiga ta tof. A huda, a busa garin ƙarfen, a yanka sabon haƙori da tap ana shafa mai, ana ja baya ana fitar da gari. A wanke ramin ya bushe ƙayau, a ɗiga gam ɗin Loctite mai jure zafi, a murza bututun ya zauna. Kuma goman za a yi duka. Bakwai ɗin da suka rage su ma sun sha zafin nan.

Ɗan Panteka: Helicoil ba ta da laifi, oga. Laifin gajera ake sawa. Haƙorin injin nan can ƙasa yake farawa, sai a kawo 'yar guntuwa a maƙala a bakin rami, noti ya kama zagaye huɗu ko biyar. Dole ta tsinko. Doguwa, a zurfin da ya dace, tana riƙewa.

Alhajin Gareji: Ku bar batun nan, ba ku ga ɓarna ba. Akwai masu cika ramin da walda su sake hudawa, zafin ya lanƙwasa fuskar bulok, gasket ba zai sake zama ba har abada. Akwai masu cusa Araldite. Akwai mai faɗaɗa ramin ya sa noti M12 na wata mota, ya ƙwaƙule ramin tof ma don ya wuce. Mako biyu mai ya koma kamar shayi da madara, a ce wa mai mota ai injin ne ya gaji. An ci kuɗin gasket sau biyu, an ci na aiki, a ƙarshe injin da ake gudu shi za a saya. Sayi na Beljiyam ka huta, kit ɗin ma ya kusa rabin kuɗin inji.

Ɗan Panteka: Rabi a ina, Alhaji?  Kuma ba saya zai yi ba, mai kit zai biya ladan aiki.

Oga Tof: Kuma na Beljiyam ɗin in na shekarun nan ne, da cutarsa zai zo.

Sarkin Zolaya: A ɗaure tof ɗin da igiyar rijiya mana, ba ta cinyewa.

Alhajin Gareji: Yaran yanzu kun karanta a waya kuna koya wa masu sifana a hannu aiki.

Oga Tof: Girmanka ne, Alhaji, amma littafin Toyota ba yaro ba ne. Mai Camry, wajen maidawa: a auna fuskar tof, in lanƙwasar ta wuce iyakar da littafin ya bayar a kai a goge. Kada a bar ruwa ko mai a ƙasan rami, noti zai matse shi ya iya tsaga bulok. A ɗan shafa mai a haƙorin noti, a fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, a hankali har ƙarfin ɗauri ya kai 79 Nm, sannan a ƙara murzawa digiri 90. Ba a sa bututu a sifana a hau da ƙafa.

Mai Camry: To a Kano wa ke da kit ɗin? A Ƙofar Ruwa zan tambaya?

Baban Ummi: Kafin nan, tamostat ɗinka na ciki kuwa? Da mota ta shigo sai a cire shi wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto.

Ɗan Panteka: Ruwan rijiyar ma da sauƙi. Kulan ɗin da ake sayarwa a gora, wani ruwa ne da kala kawai. Lagireto ya toshe da tsatsa, sai a dawo ana zagin Toyota.

Alhajin Gareji: Tamostat kam ni cire shi nake, kuma ba zan daina ba.

Oga Tof: Alhaji, a nan ma za mu sake kwasa ke nan.