Me ya sa ake aika ƙwayar gadon saitokain maimakon sinadarin kansa?

Ɗalibar likitanci:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An koya mana cewa saitokain su ne sinadaran da ƙwayoyin garkuwar jiki ke isar wa juna saƙo da su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da ana iya haɗa saitokain irin su IL-12 a ɗakin gwaji, mene ne amfanin a cusa wa jiki ƙwayar gadonsa domin ya riƙa sarrafa shi da kansa?

Malami mai bincike:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sinadarin da aka zuba a jini ba ya daɗewa, kuma kafin ya gushe yakan bazu ko'ina ya tayar da garkuwa inda ba a bukata. A 1995, yayin gwajin IL-12 kan masu cutar dajin ƙoda a Amurka, mutum biyu suka rasu. Amma idan aka saka ƙwayar gadon cikin ƙaramin zoben DNA aka yi allurarsa a tsoka ko fata, ƙwayoyin wurin ne za su riƙa fitar da sinadarin kaɗan-kaɗan na tsawon kwanaki, daidai inda garkuwa ke karo da rigakafin da ake so ta gane.

Dubi ɓerayen gwaji nau'in BALB/c da ake sa wa ƙwayar cutar Leishmania a tafin ƙafa. Garkuwarsu kan karkata ga wani saitokain mai suna IL-4, sai ƙafar ta kumbura har ta zama gyambo, alhali IL-12 na juya ta ga hanyar intafaron gama, wani saitokain da ke sa a kashe ƙwayar cutar. Wani bincike na 1998 ya nuna cewa ɓerayen da aka yi wa rigakafi tare da sinadarin IL-12 sun rasa kariyarsu cikin makonni 12, waɗanda kuwa aka ba DNA ɗinsa suka ci gaba da tsira.

Likita daga Gadarif a Sudan:
Malam, na gamsu, sai dai mu da muke ganin yara masu kala-azar, cutar da wani nau'in Leishmania ke haddasawa, da saifa a kumbure muna taka-tsantsan da labarin ɓeraye, domin har yau babu rigakafin wannan cuta da aka amince a yi wa ɗan Adam. Ko a gwajin rigakafin ƙanjamau na HVTN 080, sai da aka haɗa allurar DNA da ɗan bugun lantarki a tsoka kafin garkuwa ta amsa sosai.

Malami mai bincike:
Gaskiya ne, Likita, kuma zaɓen saitokain ɗin ma yana da haɗarinsa. A 2001 masu bincike a Ostareliya suka bayyana cewa sun saka ƙwayar gadon IL-4 cikin ƙwayar cutar agana ta ɓeraye, sai ta danne garkuwarsu har ta kashe wasu daga cikin waɗanda aka riga aka yi wa rigakafi.