Ina neman shawara a kan lasisin alƙalancin shaɗaranji (chess)

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jidda aka haife ni, amma fasfon Najeriya gare ni. Shaɗaranji na koya a shagon ɗinkin mahaifina, wurin wani dattijo Basudane da ke zuwa bayan La'asar, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa zama gwani ba. Sai a 2017, da aka yi gasar duniya ta Sarki Salman a Riyad, wadda Anand ya ci ɓangaren saurin wasa, Carlsen ya ci na walƙiya, na ga alƙalai suna zagaya tebura na ce wannan aikin nawa ne. Babana bai so ba, har yau ma bai so.

Na yi bitar alƙalanci ta FIDE, hukumar shaɗaranji ta duniya, ta intanet da Larabci, na ci jarabawar. Na yi aiki a gasa uku. Biyu an sa mini hannu a takardar shaidar aiki, ta ukun babban alƙalin ya bar ƙasar bai sa ba, wayarsa ba ta shiga. Ga shekaru suna tafiya, shaidar bitar kuma shekara 4 take yi. Yaya zan yi in samu FA, wato matsayin alƙalin FIDE? Barci ba ya ɗaukata.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka bar mafi muhimmanci. Lambarka ta FIDE a ƙarƙashin wace tuta take, Najeriya ko Saudiyya? Mutum ba ya aika takarda da kansa, ƙungiyar ƙasar da yake rajista a cikinta ce ke miƙawa. Sannan kana da lasisin NA, wato na alƙalin ƙasa, kafin ka shiga gasar nan? Matakan uku ne: NA, FA, sai IA, wato alƙalin ƙasa da ƙasa. Idan ba ka da na farko, aikin da ka yi sadaka ka yi. Ni shekara da shekaru ina cikin harkar nan, na san abin da nake faɗa.

Ɗan Karantina:
Yaya, tutar Najeriya ce. Maganar NA kuwa, wanda ya shirya gasar ya ce ba matsala.

Abu Sumayya:
Mai shirya gasa ba shi ne FIDE ba. Yuro 20 ne kuɗin lasisin, a kansa za ka zubar da wahalar shekaru. Kuma ta ukun ma, an yi mata rajista da FIDE? Duk tsarin Suwis ne, wanda ake haɗa masu maki iri ɗaya a kowane zagaye? Ana son a ga ka yi gasa iri daban-daban.

Ummu Basma:
Hmm, sa hannu. Ɗana ya yi wata shida yana koyar da yara a wata makaranta, ranar biya suka ce a kawo takardar kafili, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar. Har yau shiru. Mu dai a ƙasar nan komai sai iƙama, takardar izinin zama, ta tsaya maka a wuya. Ɗan Karantina, ka nemi abin da zai ciyar da kai.

Baban Yara na Makka:
Ni shawarata ka mayar da rajistarka Saudiyya, a nan kake zaune, a nan ake gasar, su suka san fuskarka.

Abu Sumayya:
Kada ka saurare shi. Sauya tuta wata doguwar hanya ce da kuɗinta. Ka rubuta wa ƙungiyar shaɗaranji ta Najeriya, ka biya NA, ka sake gasa uku daga farko. Kuma ka fara koyon Turanci, don FA Larabci ya isa, IA kuwa dole sai da Turanci. Manhajar tsara gasa ta Swiss-Manager ka iya ta?

Malam Na Hindawiyya:
Kafin duk wannan, kun manta babban muftin ƙasar nan na wancan lokaci ya taɓa cewa wasan haramun ne, aka yi ta magana a 2016?

Ɗan Karantina:
Malam, ba fatawa na zo nema ba, da girmanka. Yaya Abu Sumayya, ba zan sake daga farko ba. Gasa ɗaya kwana biyar na yi a tsaye, na rufe shago, babana bai yi mini magana ba sati guda. Mai shirya gasar mutumin kirki ne, ba zai yi mini ƙarya ba. Abin da nake tambaya kawai: wani alƙalin da ya halarta zai iya sa hannu a madadin wanda ya tafi?

Abu Sumayya:
Babban alƙali ne ke sa hannu. Na gaya maka.

Baban Yara na Makka:
Wace ƙasa ya koma? Ina da suruki a Alƙahira.