Ƙanena na kwance, an ce ba palu ba ne

Maman Abba: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ƙanena ke tsaron mangazar hatsi ta maigidana, tun bara nike ce ma Alhaji kusa sun yi yawa wurin nan, buhunan gero duk sun huda su, shi ko ya ce ya riga ya biya haya, mai wurin ma ɗan uwan uwargida ne, kun dai gane. To ruwan sama ya shiga, yaron ya kwashe laka ba takalmi. Bayan kamar sati ya kwanta, zazzaɓi, ciwon kai, sha-raɓa na ciwo har bai iya takawa, ido jawur. An yi tes na palu, wato zazzaɓin cizon sauro, babu. Yanzu idon ya koma ɗorawa.

Ɗan Tibiri: Ciwon shawara ne Hajiya, a jiƙa mishi rawaya ya sha.

Manjo mai ritaya: Wane jiƙo? Wanga ya yi kama da leptospiroz, ƙwayar bakteriya ce da ke cikin hitsarin kusu, tana zama cikin ruwa da laka ta shiga ta rauni ko ido ko baki. Daga kwana 2 har 30 tana iya bayyana. Ki tahi da shi likita yau, ki gaya ma lokotoro maganar kusan da lakar. Yana hitsari kamar da?

Uwar ƴan biyu: Mu unguwar Bagalam ta Maradi tun ambaliyar 2024 gafiya ta hana mu barci, maƙwabta kullum shara bakin kwata, ka yi magana a ce ka cika hitina.

Mai shago: Ko cutar Lasa ce irin ta Najeriya? A ware mishi kwano.

Manjo mai ritaya: Lasa birus ce, daban take. Ita leptospiroz da wuya mutum ya ɗauka ga mutum, kuma maganin doksisiklin ko penisilin na kashe ta, amma in ta taɓa ƙoda sai an kwantar da shi.

Maman Abba: Baba ai mun kai shi sau ɗaya, ba sakaci muka yi ba, maganin da lokotoro ya rubuta a odonas ɗin ma ni na saya da kuɗin adashena. Alhaji na Jibiya sai jibi, ba ni hita ba izininshi. Na dai aika an sayo doksisiklin ɗin.

Manjo mai ritaya: Ni na ce ki saya? Na tambaye ki hitsari ba ki amsa ba.

Ɗan Tibiri: Ku dai gwada rawayar.