Masallaci ko asibiti: ina ya kamata gidauniya ta zuba kuɗinta?

Baban Sadiq: Salam jama'a, ku yi min uzuri zan taɓo inda ba a so. Gidauniyar nan da ta buɗe sabon masallacin Juma'a kuma ta ce za ta kai injinan wankin ƙoda asibiti, ni a ganina da kuɗin masallacin ma gaba ɗaya asibitin aka juye su da ya fi. Masallatai fa sun wadata, kana cikin wannan kana jiyo kabbarar wancan, amma mai ciwon ƙoda yana can kan benci yana jiran layi.

Alaramma: Baban Sadiq a bi a hankali. Bukhari da Muslim duk sun kawo cewa wanda ya gina wa Allah masallaci Allah zai gina masa gida a Aljanna. Mutum da dukiyarsa ya zaɓi ƙofar da zai bi, kai ne za ka auna masa lada?

Baban Sadiq: Allah gafarta malam ban musa ba, amma ai a Ma'ida aya ta 32 an ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne duka.

Maman Hanifa: Ku dakata ni in faɗa muku abin da idona ya gani, don ni nas ce. Wani asibiti da na taɓa aiki an kawo mana injinan nan sababbi dal, aka yi taro aka ɗau hotuna aka watse, to kun san mai wankin ƙoda yawanci sau uku a sati ake masa, kowane zama wajen awa huɗu, kuma kowane zama sai an sa matata da robobin jini, ga ruwan da sai an tace shi tas, ga wuta da ba a so ta ɗauke ana tsaka da aiki, duk wannan ba wanda ya ware wa ko sisi. Shekara ba ta zagayo ba na ga biyu a lulluɓe da zanin gado, ɗaya ƙaramin abu ne ya lalace amma ba injiniya. Wlh ranar da na ce wa wani dattijo ya koma gida sai wani satin, kasa kallon idonsa na yi.

Ɗan Auta: Gsky Anti kin gama magana. Gini ana manna masa allo da suna, man janareta kuwa wa zai rubuta sunansa a jiki 😅

Alaramma: Ɗan Auta kar ka shiga niyyar mutane, wannan na Allah ne.

Ɗan Auta: Na janye malam, amma dai an gane.

Yaya Babba: Ni abin da ke ba ni mamaki yadda muke raba abin gida biyu kamar kishiyoyi. Magabata ba haka suka yi ba. A Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina asibiti a 1284, a haɗe da makaranta da wurin sallah, ana duba mutane kyauta, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Sirrin shi ne waƙafi, an tsayar da kadarori masu kawo kuɗi, daga nan ake biyan likitoci a sayi magani. Asalin abin ma tun Sayyidina Umar ne da gonarsa ta Khaibar, Annabi (SAW) ya ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Mu yanzu asalin muke bayarwa mu tafi, amfanin ko oho.

Baban Sadiq: To Yaya ai ka dawo kan maganata, asibitin ne ke cin kuɗi kullum, masallaci kuwa in an gina an gama.

Yaya Babba: Ina fa aka gama, je ka tambayi ladan wa ke biyan kuɗin wuta da gyaran lasifika. Sannan kar ka raina mumbari a harkar lafiya. A 1988 shan inna na nakasa yara kusan 350,000 a shekara a duniya, su ƙungiyar Rotary, da daga baya gidauniyar Gates, sun zuba maƙudan kuɗi don yi wa yara rigakafi, amma a wurare da dama sai da limamai da sarakuna suka sa baki kafin iyaye su fito da yara, har aka kai 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Baban Sadiq: Wannan na yarda. Amma masallaci na biyar a layi ɗaya fa, har yanzu ban gamsu ba.

Alaramma: Wannan kam ni ma ban ce a yi ba.

Maman Hanifa: Ni dai cikinku wa ke da hanyar mutanen gidauniyar? A tambayar min su, injinan nan da za su kawo, wa zai riƙa gyarawa, kuma kayan aikin na wata nawa suka saya.